Injin rotari 13B a cikin MGB: sauke shi, haɗa shi da saita shi

Tambayar da aka aiko ita ce: mutum ya sayi MGB, tsohuwar motar Ingila, ƙirar 1972, wadda mai ita na baya ya cire mata injinta na asali ya dasa injin rotari 13B na Mazda RX-7 ƙirar 1987, marar turbo, da kafireta Weber 48 IDA. Da safe tana tashi, amma da farin hayaƙi da ɗingishi na ɗan lokaci. In ta yi zafi aka kashe ta, sai ta ƙi tashi. Ruwan lagireto kuma kullum raguwa yake. Shin sauke inji ya kama? Me za a canza a ciki, ya dace a faɗaɗa ƙofofin shan iska, kuma yaya ake saita shi bayan an haɗa?

Malam, sauke inji ya kama, wannan babu ja. Amma kafin ka ɗora sifana a kan noti ko ɗaya, ka raba alamun nan gida biyu, don ba ciwo ɗaya ba ne, kuma ka gano abin da ya kashe injin. 13B marar turbo a cikin motarsa ta asali yana daɗewa ƙwarai. Wanda aka dasa a tsohuwar motar Ingila kuwa, yawanci lagireto da bututun mai da wayoyin da aka kewaye shi da su ne ke gamawa da shi. In ka zuba sababbin kaya a ciki ka mayar da shi wurin da ya fito ba tare da ka taɓa waɗannan ba, za ka sake sauke shi.

Farin hayaƙin safe da raguwar ruwa suna nuna robar ruwa ta mutu. Injin nan yanka biyar ne aka jera: farantin ƙarfe na gaba, gidan rota na alminiyam, farantin tsakiya, gidan rota na biyu, farantin baya, aka matse su da dogayen kusoshi daga baya zuwa gaba. A cikin kowane gida akwai rota, ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a madadin fistan. Babu kan silinda, balle gasket ɗinsa. Abin da ya raba ruwa da wuta siririyar roba ce da ke kwance cikin kwarmi a fuskar faranti. Zafinsa kuma ba a rabe yake daidai ba: wajen shan iska kullum a sanyaye yake, daga fulogi zuwa ƙofar hayaƙi kuwa kullum cikin wuta. In ya ɗauki zafi fiye da ƙima, alminiyam ya fi ƙarfe kumbura, kusoshin ba sa ba shi wuri, sai ya matse kansa. Da ya huce, faɗinsa ya ragu a wurin, robar ta rasa mai danne ta. Sau ɗaya tak ya isa. Da dare ruwa ya tsiyaya cikin ɗakin ƙuna, da safe ya jiƙa fulogi, shi ya sa yake tashi da rota ɗaya kafin ɗayar ta biyo. Don ka tabbatar, ka hura wa hanyar ruwa iska mai matsin psi 15, ka bar shi ya kwana, da safe ka cire fulogan ƙasa (kowace rota fulogi biyu gare ta, na sama da na ƙasa) ka buga kik. In ruwa ya feso daga ramin, magana ta ƙare. Ruwan toshe yoyo na kwalba ba ya warkar da wannan, lagireto kawai zai cushe maka.

Ƙin tashi da zafi kuwa yawanci matsi ne ya ragu, amma ba ko da yaushe ba. Ka auna. Gejin matsi na injin fistan zai yi, in ka cire ƙaramin bawul ɗin da ke riƙe iska a bakinsa, don allurar ta riƙa tashi tana komawa. Ka ɗumama injin, ka katse fetur da wuta, ka cire fulogin sama na kowace rota, ka taka totur har ƙasa, ka buga kik kana ɗaukar allurar da kyamarar waya don ka kalla a hankali. Kowace rota fuska uku gare ta, saboda haka tsalle uku kake nema masu tsayi ɗaya. Biyu ƙasa ɗaya sama, sil ɗin tsini ne ya karye, wanda masu sayar da kaya ke kira afes, domin shi ne ke tsakanin fuskoki biyu. Ɗaya ƙasa biyu sama, sil ɗin gefe ne. Duka uku ƙasa amma daidai da juna, tsufa ne. Littafin Mazda na wannan ƙirar ya sa mafi ƙaranci psi 85 a juyi 250 a minti, bambancin fuska da fuska kuma kada ya wuce psi 21.

Juyi 250 ɗin nan ka riƙe shi. Rotari yana tara matsi ne gwargwadon saurin juyawarsa, in kik ya yi nauyi sai lafiyayyen inji ya auna kamar matacce. MGB ta 1972 batir biyu masu bolt 6 gare ta a bayan kujeru, da doguwar waya da ta ratsa ƙarƙashin mota tun shekaru hamsin da suka wuce. Ka mayar da ita batir ɗaya mai bolt 12 mai ƙarfi, ka ja sabuwar waya mai kaurin milimita murabba'i 35, ka ja wata ta ƙasa daga jikin mota zuwa jikin injin kai tsaye. Wasu motocin da ake cewa injinsu ya gaji, wannan kaɗai ke tayar da su da zafi.

Wajen kwancewa, abubuwa biyu ne ke ba da wahala. Notin fulawil soket mai milimita 54 yake sha, kuma an ɗaure shi tsakanin Nm 390 da 490, sai da bindigar iska ko dogon ƙarfe. Kusar gaba ta kan fuli an sa mata gam, ɗan zafi kaɗan yana sakin ta. Bayan wannan kusar akwai boris masu allura biyu da ɗan zobe a tsakiyarsu. In aka kwance ta injin yana kwance, boris na iya zamewa ya faɗa bayan zoben, a ɗaure a murƙushe shi ba a sani ba. Don haka duk lokacin da za ka taɓa kayan gaba, hancin injin ya kalli sama. Dogayen kusoshin ka sassauta su kaɗan-kaɗan kana tsallakawa, ba ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe ba. Kowane sil da ka cire ka ajiye shi da lambar wurin da ya fito, ko da ba za ka sake amfani da shi ba, domin yadda ya ci shi zai gaya maka abin da ya faru a wannan kusurwar.

Sauran aikin awo ne, kuma nan ake gane gyaran da zai daɗe. Kana buƙatar maikuromita, fila-geji, agogon awo mai allura da miƙaƙƙen ƙarfen duba lanƙwasa.

Ka fara da gidajen rota, don su ne masu tsada kuma su ne zafi ya taɓa. Ka auna faɗin kowanne a sama, wajen shan iska inda bai taɓa ƙuna ba, sannan ka auna a wurare da dama daga ramukan fulogi zuwa ƙasa. Bambancin da ya wuce milimita 0.06 na nufin gidan ya tsuke, sabuwar roba ba za ta riƙe ba. A injin da ya sha ruwa irin naka, kada ka yi mamaki in ɗaya ko duka biyu sun faɗi wannan awon. Cikin gidan ƙarfe ne da aka shafe da kurom. Ɗan ɓarewa siriri a baki-baki ana iya haƙuri da shi a injin yawo, amma tsagi a bakin ramin fulogi, ko zanen da farce ke maƙalewa a ciki, ko gargada a jere kamar matakala, duk na jefarwa ne. Wannan gargadar ce ta kusa hana Mazda fitar da injin tun farkon shekarun 1960, kafin rukunin injiniya Kenichi Yamamoto su shawo kanta su fito da motar Cosmo Sport a 1967. Yau in ka gan ta, yawanci ƙarancin baƙin mai ne a kan sil ɗin tsini.

Farantan ƙarfe: lanƙwasa kada ta wuce milimita 0.04, kwarmin da sil ɗin gefe ya ci kada ya wuce 0.10. Sannan ka ɗauki ƙaramin tsinke ka bi bangon kwarmin robar ruwa kaf, ciki da waje. Daga 1986 kwarmin a jikin faranti yake, kuma in an daɗe ana zuba wa injin ruwa zalla babu maganin tsatsa, bangon yana cinyewa daga baya har ya karye. Faranti mai karyayyen bango ya tashi aiki. Wannan ma shi ya sa ba a haɗa gidan rota na 1986 zuwa sama da farantin da ya girme shi: a tsofaffin kwarmin a jikin gidan yake, in ka gauraya sai ka samu kwarmi biyu suna kallon juna ko babu ko ɗaya. Wani zai ce maka a kai farantan a goge fuskarsu. Ana yi, amma fuskar tana da siririyar fata mai tauri da aka yi mata da naitirojin, gugar tana cire ta, in ba a sake yi mata ba farantin zai ci da wuri.

A jikin rota, kwarmin tsini ne abin dubawa. Ka kankare gawayin ciki da tsohon sil, ka sa sabo, ka zura fila-geji: abin so 0.06 zuwa 0.10, iyaka 0.15. Kwarmin da ya buɗe baki yana barin sil ya riƙa kwanciya gefe, ya ci kurom, ƙarshe ya karye. Tsayin sil ɗin tsini sabo milimita 8 ne, iyakarsa 6.5, amma wanda ya buɗe inji ba ya mayar da tsoho. Boris na shaf da na rota, tazarar mai 0.04 zuwa 0.08. In suna cikin wannan kuma jan ƙarfe bai bayyana ba, ka bar su. Boris da ya riga ya zauna ya fi sabo da aka danna a karkace.

Kada ka sauya rotoci da ka. Na 1986 zuwa 1988 marasa turbo matsinsu 9.4 ne, na 1989 zuwa 1991 kuma 9.7 kuma sun fi sauƙi. Ana sa na bayan a injin irin naka, amma dole nauyin daidaito na gaba da fulawil su zama na zubin rotocin. In aka gauraya, injin zai yi ta karkarwa yana cin boris. Tunda wani ne ya haɗa motar kafin kai, ka duba ko abin da ke ciki ma ya dace da juna.

Abin saye: cikakken saitin robobi da gasket, sil ɗin tsini mai kaurin milimita 2 da sifirin ɗinsa, sil ɗin gefe da na kwana da nasu sifirin, robobin zoben mai, sarƙar famfon mai in ta saki. A sil ɗin tsini, na Mazda mai yanka biyu shi ne zaɓina ga injin marar turbo. Masu tauri da ake tallatawa cewa ba sa karyewa an yi su ne don injin turbo mai bugawa, kuma da yawansu kurom ɗin gidan ne ke biyan kuɗin taurin nasu.

Batun faɗaɗa ƙofofi. Rotari ba shi da bawul ko kamshaf, siffar ramin da ke jikin faranti ita ce ke yanke lokacin da iska za ta shiga da lokacin da za ta tsaya. Ƙaramar faɗaɗawa ta yawon gari, wadda ake ɗan jinkirta rufewar ƙofar a gyara kwanarta, ita ta dace da MGB. Ka yi ta da ma'aunin ƙarfe da aka yanka don wannan farantin, irin wanda kamfanin Racing Beat da makamantansa ke sayarwa, ba da ido ba. In ka ci gefen waje, sil ɗin kwana ya rasa abin takawa ya faɗa rami. In ka ci gefen ciki, ka shiga hanyar zoben mai, injin ya yi ta shuɗin hayaƙi har abada. In ka yi zurfi a bayan kwanar, ka huda hanyar ruwa. Bakin da ƙofar ke rufewa kuma a dasashe shi, don kada ya kama kan sil ɗin gefe. Faɗaɗawa mai gada, wadda ake huda ƙarin rami a bar siririn ƙarfe tsakani, ban ba ka shawararta ba: sulo zai koma wajen juyi 1500 zuwa sama, ƙarfin ƙasa ya tafi, zuƙar da bustan birki ke dogara da ita ta ragu in motarka na da shi, ga shan mai, ga ƙara.

Akwai wani abu game da injinka na musamman. Mai ƙofa shida ne: ƙarin ƙofofi biyu suna buɗewa ne wajen juyi 3800, kuma a ƙirar 1987 matsin hayaƙin salansa ne ke tura su. Da aka sa manifol na Weber, galibi an cire hannayen an bar su a buɗe dindindin, shi ya sa irin waɗannan motocin ke jin sanyin jiki a ƙasa. In farantanka sun faɗi awo dole ka sayi wasu, ka nemi masu ƙofa huɗu na ƙirar turbo, ka haɗa su da rotocinka masu matsi 9.4, da manifol ɗin da ya dace da su. Da kafireta wannan haɗin ya fi daɗin tuƙi.

Wajen haɗawa, sil ɗin gefe ne ke cin lokaci. Sababbi suna zuwa da ɗan tsawo, kai za ka goge kan kowanne har tazararsa da sil ɗin kwana ta zama 0.05 zuwa 0.15. Guda 12 ne, kuma a nan matsin tashin zafi yake. Ka nufi ƙasan wannan awon, ka kiyaye kusurwar kan kada ta zama a miƙe, sannan ka danna kowanne da yatsa ka ga yana dawowa da kansa. Wanda ya matse zai maƙale in ya yi zafi. Sifirin ɗin zoben mai suna da alkibla: masu farin fenti na fuskar da ke kallon gaba ne, masu shuɗi na mai kallon baya. In ka juya su zoben zai riƙa zagayawa a kwarminsa.

Ana jerawa ne daga farantin gaba, fuskarsa na kallon sama. Basilin ke riƙe sil da robobi kada su zube. Robar ruwa ta kwanta ba murɗewa, ƙafafun gidan a shafa musu siririn gam, ƙananan robobin bututun da ke tsayar da gidajen kada a manta da ko ɗaya, don mai ne ke bi ta ciki. Haƙoran rotar gaba suna kallon farantin gaba, na rotar baya suna kallon na baya. Ƙaramin yankin sil ɗin tsini yana sama, wajen fulawil. Sa farantin tsakiya aikin mutum biyu ne: ɗaya ya ɗaga shaf kamar milimita 25, ɗaya ya karkata farantin ya tsallake tozon shaf ɗin. Kafin ka rufe kowane yanki ka haska tocila ka ƙirga ƙananan yankunan nan uku, don suna son tsalle su faɗa hanyar ruwa. Dogayen kusoshi a shafa wa zarensu mai, a sa sababbin wasa masu roba, a ɗaure bi da bi yadda littafin ya jera, a zagaye uku ko huɗu har Nm 31 zuwa 39. Bayan kowane zagaye ka juya shaf ka ji yana tafiya.

Sai wasan shaf gaba da baya: 0.04 zuwa 0.07, iyaka 0.09, ana gyara shi da sauya kaurin zoben nan na tsakanin boris masu allura. In ka auna ka samu babu wasa sam, boris ya faɗa, ka kwance. Akwai ƙaramar roba tsakanin farantin gaba da murfin gaba inda mai ke wucewa, in ta goce matsin mai zai faɗi. A cikin hancin shaf kuma akwai bawul mai jin zafi da ke rage feshin mai cikin rotoci har man ya kai wajen digiri 60. In ya tsufa yana iya maƙalewa a buɗe, rotoci su rasa sanyaya, don haka ka sa sabo ko toshe na dindindin da ake sayarwa. Kafin injin ya bar benci, ka toshe bakunan ruwa, ka hura psi 15 zuwa 20, ka bar shi ya kwana. Allura ta sauka, ka buɗe yanzu.

Yanzu motar. Lagireton MGB an yi shi ne don inji mai cc 1798 da doki 95. 13B ɗinka doki 146 ne tun daga masana'anta, kuma rotari yana zubar da zafi fiye da injin fistan mai ƙarfinsa. Ka sa na alminiyam mafi girman da wurin zai ɗauka, ka toshe duk gefensa don iska ta bi ta cikinsa dole, ka sa fanka mai rumfa. In murfin lagireto ya fi bakin ruwan injin ƙasa, iska za ta taru a saman injin, sai ka ƙara ɗan tanki a wuri mafi tsayi. Tamostat kuwa, al'adar nan ta cire shi a jefar da ake yi a garejinmu ba ta aiki a nan. Na Mazda, mai digiri 82, yana da ƙafa a ƙasansa da ke toshe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. In babu shi, ruwa yana zagayawa cikin injin ba tare da ya je lagireto ba. Ka duba ko naka yana nan, kuma mai ƙafar ne. Ruwa ya zauna tsakanin digiri 82 da 90. Ya haura 100, ka tsaya.

Baƙin mai shi ke sanyaya rotoci daga ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da ake fitarwa ta nan yake bi. Ƙaramin kulan mai na MGB bai isa ba. Ka nemi na RX-7 ƙirar 1986 zuwa 1991, ka kafa shi inda iska ke dukansa, da tiyo masu faɗi. Ka sa geji na zafin mai, ka riƙe shi ƙasa da digiri 100, matsinsa kuma psi 64 zuwa 78 a juyi 3000.

Ga wanda nake zargi da cin sil ɗinka. Rotari yana shan baƙin mai da gangan: wani ƙaramin famfo a murfin gaba yana ɗiga mai cikin ɗakin ƙuna don sil ɗin tsini, kuma a ƙirar 1987 sanda ce daga totur ke ƙara masa yawa. Masu sa Weber da yawa ba sa haɗa sandar, famfon ya zauna a ma'aunin sulo ko ana gudu. Ko dai ka haɗa ta yadda za ta kai ƙarshe in an take totur, ko ka cire famfon ka toshe, ka riƙa zuba man 2T a tanki kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta. In babu famfo, mililita 8 a kowace lita ta fetur, kowane shan mai ba fashi. In famfon na aiki, rabin haka ya isa ƙari.

Hayaƙin rotari kan haura digiri 850 in an take, kuma a gefen dama yake fita, ƙarƙashin kafireta. In motarka mai sitiyari a dama ce, sandar sitiyari da bututun birki suna wannan gefen. Ka yi salansar da bututu mai kauri, ka sa garkuwar zafi tsakaninta da kafireta, don fetur da ke tafasa a kwanon kafireta shi ma yana hana tashi da zafi. Tukunyar salansa mai auduga ta gilashi ƙonewa take, sai mai cushin zaren ƙarfe. Famfon fetur na SU na asali ba ya ciyar da IDA a juyi mai yawa: ka sa mai yawan turi da regileta a psi 3 zuwa 4. Ka kuma duba kusurwar farfela, domin shaf ɗin rotari a tsakiyar injin yake, giyabos yakan zauna sama da inda na asali yake. Layin giyabos da na bakin aksul su yi daidai da juna cikin digiri 1, in ba haka ba za ka ji kaɗawa ka ɗora wa injin laifi.

Saiti yana farawa da wuta. Injin 1987 ba shi da dilko, kwamfuta ce ke ba shi wuta, saboda haka mai Weber yawanci ya sa dilkon RX-7 na 1981 zuwa 1985. Matsalar ita ce fuli. Alamun fulin 1987 suna digiri 5 da 20 bayan ƙololuwa, wato inda rota ta kai ƙarshen matse iska, rawaya ta fulogin ƙasa, ja ta na sama, alhali na 12A, tsohon injin RX-7, alamarsa ta farko a kan ƙololuwar take, kuma fuli da mazauninsa na shekaru daban ba sa ba da alama ta gaskiya. Tun injin na benci ka nemo ƙololuwar rotar gaba ka yi alamarka, ka zana digiri 25 kafin ta. Fulogin ƙasa shi ne jagora. A juyi 4000, inda dilko ya gama ƙara wuta, ka sa shi digiri 24 zuwa 26 kafin ƙololuwa, na sama ya biyo shi da kamar digiri 10. Ƙari a kan wannan ba ya kawo ƙarfin kirki, zafi kawai yake ƙarawa. Na sama kada ya taɓa riga na ƙasa, kuma kada wayoyin sama na rota biyu su musanya, don wannan yana kunna wuta a fuskar da ba ta kai lokaci ba. Injin fistan yana iya yin ƙarar bugu ya daɗe yana yi, rotari kuwa bugu kaɗan ke karya sil ɗin tsini, gutsuren ya bi ya kwarzane gidan. Fulogi NGK BUR7EQ a ƙasa, BUR9EQ a sama. Agogon juyi na silinda huɗu yana karanta kwayil ɗin ƙasa daidai, tunda shi ma sau biyu yake tartsatsi a juyi ɗaya, sai dai tsohon samfurin Smiths mai karanta ƙarfin wutar da ke ratsa shi kan rikice da dilko na lantarki, a mayar da shi mai karanta siginar kwayil.

Kafireta kada ka saita ta da kunne ko da launin fulogi. Ka sa na'urar auna iska da fetur mai faɗin zango, bakinta nesa da ƙofar hayaƙi kamar santimita 60 zuwa 90 don zafi kada ya kashe shi. Maƙogwaron ciki na milimita 38 zuwa 40 ya fi 42 daɗi a gari. Ka fara da tsayin fulot, sannan jet na sulo, don IDA a kansa take tafiya har wajen juyi 3000, kuma mafi yawan tangarɗar da ake ɗora wa babban jet daga nan take. A sulo ka nemi na'urar ta nuna wajen 13, wato kashi 13 na iska ga kashi ɗaya na fetur, a tafiyar hanya 14 zuwa 14.7, a cikakken totur 12.5 zuwa 13. Ka faro daga mai ya yi yawa kana ragewa mataki ɗaya-ɗaya, abu ɗaya a lokaci guda. In fulogi na tsallake wuta a sulo, na'urar za ta nuna mai ya yi kaɗan alhali ya yi yawa, saboda iskar da ba ta ƙone ba take gani.

Tashin farko, ka cire fulogai ka buga kik har matsin mai ya nuna, sannan ka mayar. Zai yi hayaƙi sosai, basilin ne ke ƙonewa. Ka riƙe shi a juyi 1500 zuwa 2000 na kamar minti 30 kana kallon zafi da yoyo, ka sauya mai da filta. Ka yi amfani da baƙin mai na gargajiya, 20W-50 in garinku da zafi. Kilomita 1000 na farko kada ka wuce juyi 4000 kuma kada ka take har ƙasa, daga nan ka riƙa ƙarawa a hankali zuwa kilomita 1600, in ka sa sababbin boris ka ƙara haƙuri. Kada ka tayar da shi da sanyi ka kashe nan take, fetur zai wanke man da ke kan sil ya ƙi tashi. In hakan ta faru, ka katse famfon fetur, ka cire fulogai ka busar, ka buga kik ya fitar da abin da ke ciki, ka zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowane ramin ƙasa, ka mayar. Sabon inji yana iya ɗan wahalar tashi da zafi a makonnin farko, musamman in gidajen tsofaffi ne, don sil bai gama zama ba. Saitin cikakken totur ka bar shi sai bayan kilomita 1600, kuma a ranar ka sake auna matsin fuskoki shida ka rubuta su tare da saurin kik, su ne za ka riƙa kwatantawa da su duk shekara.